Dashen kitse da ƙwayoyin tushe: Abin da likitoci suka tabbatar da abin da ake tallatawa daga Jidda zuwa Kano

Bab Makka ita ce ƙofar gabas ta tsohuwar ganuwar Jidda, wadda alhazan da suka sauka daga jiragen ruwa ke fita ta cikinta su kama hanyar Makka. An rushe ganuwar a 1947, amma sunan ƙofar ya zauna wa kasuwar da ta kewaye ta, kasuwar dabino da zuma da kayan yaji da turare da yadi. Hausawa mazauna Saudiyya sun san wannan yanki kamar yunwar cikinsu, kuma 'yan kasuwar da ake yi wa laƙabi da 'yan Kano-Jidda sun daɗe suna haɗa kaya a nan su aika gida. Duk abin da ya samu karɓuwa a wurin matan Jidda, daga man shafawa zuwa kayan gyaran jiki, ba ya daɗewa sai a gan shi a shagunan Kano da Katsina da Maradi.

A 'yan shekarun nan wata kalma ta bi wannan hanya. Larabawa na kiranta al-khalaya al-jiz'iyya, daga kalmar da ke nufin kututturen itace, masu talla a Najeriya kuma suna cewa "sitem sel". Ana nufin ƙwayoyin halitta na tushe, waɗanda ba su gama zama komai ba tukuna, suna kuma iya hayayyafa su rikiɗe zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki. Asibitocin gyaran jiki masu zaman kansu, waɗanda suka fi yawa a unguwannin masu hali na arewacin Jidda, suna tallata allurar kitsen jikin mutum "tare da ƙwayoyin tushe" a Snapchat da Instagram, da alƙawarin cewa kitsen da aka dasa a fuska ko mama ko mazaunai zai zauna daram. Wadda ba ta da kuɗin tiyata kuwa, sai a miƙa mata kalmar a cikin kwalbar mai ko ƙunshin gari.

Akwai ilimi na gaske a bayan kalmar. Sai dai abin da aka gwada a ɗakin bincike daban, abin da ake sayarwa daban, kuma masu biyan kuɗin wannan bambanci su ne waɗanda ba su da hanyar tantancewa.

Kitsen da ke narkewa

Dashen kitse tsohon aiki ne. A 1893 wani likitan tiyata Bajamushe, Gustav Neuber, ya yanko ɗan kitse daga damtsen wani majiyyaci ya cike ramin tabon da ke ƙarƙashin idonsa. Ya kuma lura da abin da har yau bai canza ba: ƙananan gutsattsari suna kamawa, manya kuwa lalacewa suke yi. A 1950 Ba'amurke Lyndon Peer ya auna ya ga kusan rabin kitsen da aka dasa yana ɓacewa cikin shekara guda. Bayan da Yves-Gérard Illouz na Faransa ya yaɗa hanyar zuƙe kitse da bututu daga ƙarshen shekarun 1970, likitoci suka samu kitse mai yawa a ruwa-ruwa, wanda za a iya mayarwa jiki ta allura. Matsalar narkewa dai tana nan. Likita zai cika kumatu yau, bayan wata shida a ga kamar ba a yi ba, ko kuma a ji gudaji masu tauri a ƙarƙashin fata.

Manomin rani da ya saba dashen albasa ko tumatir ya san dalilin. Irin da aka tumɓuko daga inda aka raine shi ya rabu da saiwarsa, kuma kwanakin farko kafin ya kama ƙasa su ne masu haɗari. Kitse nama ne mai rai, yana samun abinci da iskar oksijin ta ƙananan jijiyoyin jini. Da zarar an zuƙo shi, jijiyoyin sun tsinke. A sabon wurin, kafin wasu jijiyoyi su tsiro su iske shi, iyakar abin da yake samu shi ne ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga naman da ke kewaye da shi, wanda ba ya ratsawa da nisa.

Binciken da ayarin Kotaro Yoshimura na Jami'ar Tokyo ya buga a 2012 ya nuna cewa kowane gudan kitse da aka dasa yana kasuwa uku. Ɓawon waje, wanda kaurinsa bai kai sulusin milimita ɗaya ba, yana rayuwa. A kashi na tsakiya ƙwayoyin kitse na mutuwa cikin kwana guda, amma ƙwayoyin tushen da ke tsakaninsu sun fi jure rashin iska, suna iya kai kwana uku, kuma idan jini ya iso kafin nan sai su haifi sabon kitse a gurbin wanda ya mutu. Can ciki kuwa komai mutuwa yake yi, ya koma mai ko tabo ko ƙullutu. Ke nan kaso mai yawa na kitsen da ake gani bayan wata uku sabo ne da jiki ya sake ginawa.

Wannan ya bayyana nasarar hanyar da Sydney Coleman, likita a birnin New York, ya shimfiɗa tun a shekarun 1990. Ana zuƙo kitsen a hankali da sirinji, a sa shi a na'urar da ke juyawa sau 3,000 a minti na tsawon minti uku don a raba shi da jini da mai, sannan a zuba shi ɗigo-ɗigo a siraran layuka, yadda kowane ɗigo zai kwanta kusa da nama mai jini. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri. Har gobe gwanintar hannun likita, da lafiyar wurin da aka yi dashen, da ko majiyyaci na shan taba, suna cikin manyan abubuwan da ke yanke hukuncin nawa zai rayu.

Abin da aka tsinta a sharar asibiti

A 2001 Patricia Zuk da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka nuna cewa kitsen da ake zuƙewa a zubar yana ɗauke da ƙwayoyin da, a ɗakin gwaji, ake iya sarrafa su su zama kitse ko ƙashi ko guringuntsi ko tsoka. Kafin nan ɓargo ne babbar ma'adanar irin waɗannan ƙwayoyi a jikin baligi, ga shi ɗebo ɓargo na da zafi, abin da ake samu kuma kaɗan ne. Kitse yana ba da su ninkin-ba-ninkin, kuma mutane da yawa murna suke yi a rage musu shi. Daga baya aka fahimci cewa babban amfaninsu a wurin dashe shi ne sinadaran da suke fitarwa, masu janyo sababbin jijiyoyin jini da rage kumburi.

Daga nan tunani ya zo da sauƙi: idan waɗannan ƙwayoyi ne ke ceton kitse, a ƙara yawansu mana. Hanyoyi biyu suka fito, kuma rashin bambance su shi ne tushen ruɗanin da ke cikin tallace-tallace. Ta farko, wadda Yoshimura ya gabatar daga 2006, ita ce a raba kitsen da aka zuƙo gida biyu, a narkar da rabi da sinadarin kolajenes a tace ƙwayoyinsa, a gauraya su da ɗaya rabin, a dasa a zama guda. Ta biyu ita ce a kai ƙwayoyin ɗakin gwaji a raine su na makonni har su ninka, sannan majiyyaci ya dawo a sake yi masa aiki.

Gwajin da ya fi kowanne suna ya bi hanya ta biyu. An yi shi a asibitin Rigshospitalet da ke Kofenhagen, babban birnin Danmak, mujallar Lancet ta buga shi a 2013. Mutum goma masu ƙoshin lafiya, aka zuba wa kowannensu mililita 30 na kitsensa a bayan kowane damtse, hannu ɗaya da ƙarin ƙwayoyin tushe, ɗayan babu. Bayan kwana 121 na'urar MRI ta nuna cewa kashi 80.9 cikin 100 na kitsen da aka ƙara wa ƙwayoyi yana nan, na ɗaya hannun kuwa kashi 16.3 kacal ya saura.

Waɗannan alƙaluma suna da daɗin faɗa, amma sharuɗɗan da ke tare da su ba su cika shiga talla ba. An zuba ƙwayoyi miliyan 20 a kowace mililita, wato miliyan 600 a dashe guda, kimanin ninki 2,000 na abin da kitse ke ɗauke da shi a ɗabi'ance. Hakan ya buƙaci zuƙar kitse sau biyu da rainon mako biyu a ɗaki mai tsananin tsafta. An kuma zuba kitsen ne a dunƙule wuri guda, saɓanin hanyar Coleman, abin da ya sa hannun da ba a ƙara wa komai ba ya yi mummunar asara. Abin da ake tacewa cikin sa'a ɗaya ko biyu a gefen ɗakin tiyata bai kama ƙafar wancan adadi ba.

Sakamakon da ya biyo baya ma bai tsaya a baki ɗaya ba. Wani bincike a ƙasar Finland a 2013, kan mata 18 da aka yi wa dashe a mama, bai ga wani bambanci tsakanin kitse zalla da wanda aka ƙara wa ƙwayoyin da aka tace nan take ba. A Danmak ɗin kanta, wani gwaji na 2020 ya samu kyakkyawan sakamako a mama da ƙwayoyin da aka raina, sai wani na 2022 ya tarar bayan shekara guda ɗan sama da rabin kitsen ne ya rage, da ƙarin da babu ƙarin. Nazarce-nazarcen da suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje sun fi ganin amfani a ƙaramin dashe kamar na fuska. A manyan wurare, inda kasuwa ta fi ci, hujjar ta fi rauni.

Akwai kuma tambayar sankara. A 1987 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta yi tir da dashen kitse a mama, saboda tsoron kada ƙulle-ƙullen da yake bari su ɓoye cutar a hoton asibiti, kuma sai a 2009 ta sassauta. Binciken da aka yi kan matan da suka warke daga sankarar mama bai nuna cewa dashen kitse zalla yana dawo da cutar ba. Amma a ɗakin gwaji an ga ƙwayoyin tushe na kitse suna iya taimaka wa ƙwayoyin sankara su yaɗu, da irin sinadaran nan masu janyo jijiyoyin jini, don haka likitoci suke taka-tsantsan da ninka yawansu a jikin wadda ta taɓa yin cutar.

Kallon kitse ake yi wa rogo

A 2015 wasu mata uku a jihar Florida ta Amurka, masu shekara 72 zuwa 88, suka biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar abin da aka tace daga kitsensu a cikin idanu biyu, da sunan maganin lalacewar gani ta tsufa. Dukkansu sun yi mummunar asarar gani, ɗaya ta makance baki ɗaya. A 2019 wata kotun tarayya ta ba hukumar abinci da magunguna ta ƙasar gaskiya cewa irin wannan haɗi magani ne da ke buƙatar izini, ko da daga jikin mutumin aka ciro shi. Hujjar da masu asibitin suka riƙe ita ce wadda ake ji a ko'ina: naka ne aka mayar maka, ina cutarwa? Amsar ita ce kitsen ciki ba na ido ba ne, kuma abin da aka narkar da sinadari aka tace ya tashi daga matsayin da yake a jiki.

Mayuka da garin sha da ake yawo da su da sunan "sitem sel" wani labari ne. Da yawansu daga tsirrai ake haɗa su, irin su tuffa da inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar ɗan Adam, kuma wadda aka busar aka daka ta riga ta mutu. Idan aka sha, ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. A gefen waɗannan akwai tsofaffin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki ne ko deksametason. Na biyun yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana kuma jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi idan aka daɗe a kansa.

Tiyatar ƙara girman mazaunai, wadda aka fi sani da BBL, dashen kitse ce ta gaske, amma haɗarinta bai da alaƙa da narkewa. Idan bututu ya shiga cikin tsoka ya huda babbar jijiya, kitse na bin jini zuwa zuciya da huhu ya toshe hanya, mutum ya mutu a kan gadon aiki ko bayan sa'o'i kaɗan. Wani ƙiyasi na 2017 ya ce mutum ɗaya cikin kimanin 3,000 na rasuwa, abin da ya sa ƙungiyoyin likitoci suka yi gargaɗi a 2018 cewa a tsaya a ƙarƙashin fata kawai. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta nemi mambobinta su dakatar da aikin a shekarar, ba ta sassauta ba sai a 2022, da sharaɗin a riƙa kallon bakin bututun ta na'urar sikanin. A Najeriya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Lekki da ke Legas a Afrilun 2020. Ƙarin ƙwayoyin tushe, komai yawansu, ba ya rage wannan haɗari ko kaɗan.

Saudiyya na da hukumomin da suka dace: hukumar abinci da magunguna, da hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista, kuma tun 2022 sai da lasisi mutum zai yi tallar kuɗi a shafukan sada zumunta. Sai dai hannun doka ya fi kaiwa ga asibiti mai allo a ƙofa. Wadda ba ta da iƙama tana gudun duk wurin da za a nemi takardunta, inshorar lafiya kuma ba ta biyan gyaran jiki. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya shafi unguwanni sama da 60 a ƙididdigar ƙungiyar Amnesty, ciki har da Sabil da Kandara da Karantina da Gulail inda 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, ya kuma warwatsa maƙwabtan da a da suka san wa ke sayar da me. Cinikin da ake yi ta waya ba shi da shagon da za a koma a yi ƙorafi.

Abin da malamai suka yanke a Jidda

Wani abin lura shi ne, a birnin nan ne aka fitar da ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen fiƙihu da suka fi shafar wannan batu. Cibiyar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, reshen Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi wadda Najeriya da Nijar ke ciki, hedikwatarta na Jidda. A zamanta na huɗu, cikin Fabrairun 1988, ta halatta ɗauke wani sashe na jikin mutum a mayar wani wurin a jikinsa, da sharaɗin amfanin ya rinjayi cutarwar, kuma manufar ta kasance dawo da gaɓar da aka rasa ko siffarta ko aikinta, ko gyara aibin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuci. A Disamban 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka, ta halatta ɗebo ƙwayoyin tushe daga baligi idan ya yarda kuma babu cutarwa a gare shi.

A Yulin 2007, a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, cibiyar ta Jidda ta yi zama kan tiyatar gyaran jiki kanta. Ta halatta gyaran leɓe mai tsaga, da tabon ƙuna da na haɗari, da sake gina mama bayan an cire shi. Ta hana sauya halittar da take lafiya don son rai ko kwaikwayo, kamar ƙara girman leɓe da kumatu, ta kuma taƙaita zuƙe kitse ga wanda ƙibarsa ta zama cuta kuma babu wata mafita. Ta ɗora wa likita wajibcin bayyana wa majiyyaci haɗarin aikin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Likitan da ya yi alƙawarin kashi 80 bisa gwajin da bai yi kama da abin da zai yi ba, da wuya a ce ya cika wannan sharaɗi.

Layin da malamai suka ja ya zo kusa da inda hujjar likitoci ta fi ƙarfi. Dashen kitse ya fi nuna amfaninsa a tabon ƙuna da ya ɗaure fata, da fuskar da ta lotsa, da naman da gashin sankara ya ƙona. A 2007 Gino Rigotti na birnin Verona a Italiya ya ba da rahoton cewa allurar kitse ta farfaɗo da fatar da gashi ya lalata a jikin majiyyatansa, ya danganta hakan da ƙwayoyin tushen da kitsen ke ɗauke da su tun asali, ba tare da an ƙara komai ba.

Masu buƙata a Sakkwato da Damagaram

A ƙasar Hausa masu irin wannan buƙata ba su da wuyar samu. Cutar noma tana fara wa ƙananan yara masu tamowa daga dasashi, ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin kwanaki, kuma tana kashe kusan tara cikin goma na waɗanda ba su samu magani ba. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi watsi da su a ranar 15 ga Disamban 2023. Asibitin yara masu noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999 kuma ƙungiyar MSF ke tallafa wa tun 2014, yana cikin 'yan ƙalilan irinsa a duniya. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles na kula da irin waɗannan yara tun farkon shekarun 1990.

Babban aikin gyaran fuskar mai noma ba da kitse ake yin sa ba. Sai an juyo fata da nama masu jijiyarsu daga wuya ko goshi ko wani wuri a rufe ramin, a kuma saki muƙamuƙin da ya ɗaure. Kitse yana shigowa ne daga baya, don cike lotsawa da tausasa tabo, kuma wannan shi ne irin ƙaramin dashen fuska da bincike ya fi nuna alamar nasara a kansa. Hanyar Coleman ba ta buƙatar fiye da sirinji da siraran bututu da ƙaramar na'urar juyawa da likitan da ya ƙware. Rainon ƙwayoyi miliyan 600 kuwa yana buƙatar ɗaki na musamman, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa dare da rana har mako biyu, da ma'aikatan da za su tabbatar babu ƙwayar cutar da ta shiga. Ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, horar da likitoci kan hanyar farko shi ne abin da ke kusa da hannu.

Akwai kuma matsalar da ba ta taso wa masu binciken Kofenhagen ba, waɗanda suka yi aiki da mutane masu ƙoshin lafiya. Yaron da noma ta kama yunwa ce ta fara raunana shi, sau da yawa babu kitsen da za a zuƙo a jikinsa. A asibitin Sakkwato ana fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki, a wanke ciwon har ya warke, kuma akan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin a sa shi a jerin waɗanda za a yi wa tiyata.